Muryar Samanja a majalisar maza da ɗakin mata

A Tudun Wada na tashi, ni kaɗai ce mace a tsakanin yayye maza, don haka tun ina ƙarama na iya kwaikwayon Samanja: tsawar nan ta bariki da Hausar da yake cakuɗawa da Turanci. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, ya yi soja da gaske kafin wasansa ya yi suna a rediyo da talabijin na Kaduna, kuma a garin da ke cike da barikoki kowa ya san wani mai irin halinsa.

Na yi kwaikwayon a gaban abokan yayyena, na kuma yi shi cikin ƙawayena. Ba abu ɗaya ba ne.

Wurin maza gasa ce. Da na fara, wani zai katse ni: "A'a ƙanwata, ba haka ya faɗa ba." Sai ya miƙe ya yi nasa har da ƙamewa da sarawa, wani ya karɓe da na Kasimu Yero a Karambana, wani ya jawo Ibro. Sukan maimaita fitowa guda daga farko har ƙarshe, kowa ya riƙe bakin ɗan wasa ɗaya. Dariyar tana zuwa ne idan an kawo maganar daidai, ba ragi ba ƙari. Na lura ma da haka suke gaisawa: wanda ya shekara bai zo majalisa ba, da ya jefa magana ɗaya aka amsa masa, ya dawo gida.

Cikin mata ba wadda ta taɓa gyara mini kalma. Amma in na ja abin da tsawo, sai hankali ya koma kan tukunya. Abin da ke tashin ɗaki shi ne guntuwar magana da ta faɗo a kan gaɓa. Ana aikin abincin biki, uwar ango ta shigo tana ba da umarni, tana juya baya wata ta yi ƙasa da murya ta saki tsawar Samanja. Shi ke nan, har da masu hawaye. Mu da maganar muke aiki, mu ɗora ta kan kishiya ko maigida ko mai kuɗin adashi, kusan kamar habaici. Ƙawayena ma sun fi jawo Daso, wato Saratu Giɗaɗo, da hararar nan tata.

Shi ya sa raina ke sosuwa idan na ji namiji ya ce mata ba su riƙe barkwanci. Ina zai gani? Da ya yi sallama ake gyara mayafi a yi shiru, saboda an hore mu da cewa yawan wasa a gaban maza rashin kamun kai ne. Ni kaina ina shiga shekarun 'yanmatanci Yaya ya ce in bar zama majalisarsu.

Da Samanja ya rasu a Nuwamban 2023, yayyena sun kwana suna tura wa juna tsofaffin bidiyonsa. A zaurenmu na mata a WhatsApp kuwa, bayan addu'a, ƙawayena suka matsa sai na yi musu muryarsa, na ɗauka na tura.