Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Muka Karɓi Makullai a Hannun Mama

Makon jiya na tsaya a ranar da na ɗauki alkawarin din-din-din na zama sista a cocin Katolika, ranar da Baba ya taka ƙafarsa cikin coci karon farko, ya zauna a bencin baya da hularsa a ka, bai ce uffan ba har aka watse. Yau kuma zan shiga wani babi da na daɗe ina kewaye shi kamar mai kewaye rijiya da dare. Wasu daga cikin 'yan uwana sistoci ba za su ji daɗin ganin sa a rubuce ba. Su yi haƙuri, ba zan kama sunan kowa ba, har sunan ƙungiyar tamu.

Wadda ta kafa mu Baturiya ce 'yar ƙasar Ailan. Mu dai Mama muke ce mata, mutanen gari kuma su ce Sista Mai Babur, saboda wani tsohon babur da take shiga ƙauyuka da shi, akwatin magani ɗaure a baya. Bishop na wancan lokaci ne ya roƙi ƙungiyarsu ta can Turai ta ba shi aron ta, don ta tara 'yan matan ƙasa ta horar da su. Ta fara da ɗaki biyu da rumfar kara. Hausarta ta fi ta wasunmu, don a bakin tsofaffin matan ƙauye ta koye ta, har da zagin. Ita ce ta yi sallama a ƙofar gidanmu sau uku kafin Baba ya yarda a sa ni makaranta, ita ta biya kuɗin, ita ta riƙe hannuna na rubuta baƙin farko. Ku riƙe wannan, za ku ga dalilin da ya sa na faɗa.

Amma Mama mutum ce mai wuyar zama. Makullan gidan gaba ɗaya suna rataye a ɗamararta: na sito, na ɗakin magani, na akwatin kuɗi, har na kejin kaji. Kafin ka gan ta ka ji ƙarar su. Kuɗin ƙungiya kuwa a cikin wani gwangwanin biskit suke, lissafin yana kanta. Sista mai shekara arba'in, mai takardar shaidar ungozoma, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙon kuɗin sabulu. In ka ce a canja wani abu, amsa ɗaya ce: "Ba haka muka fara ba."

Gaskiya ne ba haka muka fara ba, sai dai duniyar da muka fara a cikinta ta riga ta tafi. Tun 1972 gwamnati ta karɓe makarantun mishan a jiharmu. A Kaduna, makarantar 'yan mata ta sistoci da ke Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, ta maza ta Waliyyi Yohanna ta koma Kwalejin Rimi. Tallafin da ke zuwa daga Turai ya fara ja baya, don su ma can 'yan mata sun rage shiga aikin sista. Mu kuwa muna ƙaruwa, bakuna suna yawa, tuwon bai ƙaru ba. Matasanmu suka ce a buɗe makarantar kuɗi a cikin birni, ta riƙe sauran ayyukan. Mama ta ce har abada. Talakan ƙauye ta zo wa, ba 'ya'yan manyan ma'aikata ba. Sai kuma rigimar harshe, wadda har yau in na tuna nakan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sababbin shigowa da yawa daga Binuwai da kudu suke, ba sa jin Hausa, suna so a mayar da addu'ar safe da ta yamma Turanci. Baturiya ce ta kafe a kan Hausa, mu baƙaƙen fata muna neman harshen Ingila.

Abin da ya kawo ƙarshen ja-in-jar daga Roma ya fito. Tun 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na duniya, ta umarci kowace ƙungiya irin tamu ta koma ga ruhun wanda ya kafa ta, ta kuma daidaita da zamani. A takarda maganar tana da daɗi. Amma in wadda ta kafa ku tana zaune a kan tebur ɗaya da ku tana shan kunu, wa zai gaya mata mene ne ruhunta? Sai a 1983 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da sabon kundin dokokin Ikilisiya, wanda ya nanata cewa shugabanci na wa'adi ne, kada mutum ya daɗe a kai ba hutu. Sabon bishop ɗinmu, ɗan ƙasa, ya ce a sake rubuta tsarin mulkinmu, a kira babban taro, a yi zaɓe. Aka sa rana a shekarar da Buhari ya canja kuɗi, 1984. Na tuna sarai, domin sai da aka sha fama kafin Mama ta yarda a kai abin da ke cikin gwangwanin banki.

Ranar zaɓe bishop da kansa ya zauna a gaba, kamar yadda doka ta ce ga ƙungiya irin tamu ta dayosis, wato wadda ke ƙarƙashin bishop ɗin yanki. Aka yi Misa, aka roƙi Ruhu Mai Tsarki, aka rufe ƙofa. Mu biyu mafi ƙanƙanta aka zaɓa mu ƙirga ƙuri'u, muka rantse ba za mu faɗi abin da muka gani ba, don haka kar ku tambaye ni adadi. Kowace ta rubuta suna ɗaya a 'yar takarda, ta ninke, ta jefa cikin ƙwarya. 'Yar uwata tana warwarewa, bishop yana dubawa, ni ina karantawa da ƙarfi. Tun kafin mu kai rabi na san inda aka dosa. Ban ɗaga kai ba. Takardata ma ta biyo ta hannuna, na gane rubutuna, wannan rubutun da Mama ta koya mini, kuma ba sunanta ke jiki ba. Na karanta shi kamar sauran.

Da aka gama, aka ƙone takardun a kasko. Mama ta miƙe, ta kwance ɗamararta, ta zare makullan. Zoben ya yi tsatsa, sai da ta sa haƙori. Ta je ta durƙusa gaban sabuwar shugaba, yarinyar da ita ta yi wa wankan ƙyanda, ta ajiye mata su a cinya, ta yi alkawarin biyayya da Hausa. Daga nan ta fita ba ƙara. Shirun nan ya fi komai damuna. Wata guda ina jin kamar an cire wa gidan wani abu, sai daga baya na gane ƙarar makullai ce babu.

Bayan kwana biyu na same ta a bayan madafa tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na ce, "Mama, sannu da aiki." Ba ta dube ni ba ta ce, "'Yata, kin karanta da kyau. Ba ki haɗiye harafi ko ɗaya ba." Na rasa inda zan sa kaina. Ta turo mini faifan, muka ci gaba tare.

A nan ta ciro wani ɗan hoto daga littafin addu'arta, na wata tsohuwa 'yar Faransa mai suna Jeanne Jugan, wadda Paparoma ya ayyana mai albarka, mataki ɗaya kafin waliyya, a 1982, shekarar da ya zo Kaduna. Ta ba ni labarinta muna tsinta. A hunturun 1839 wannan mata ta ga wata tsohuwa makauniya, shanyayya, ba mai kula da ita. Ta goya ta har ɗakinta, ta ba ta gadonta. Daga wannan gado ɗaya ƙungiyar Ƙananan Sistocin Matalauta ta tashi. Ita ke yawo da kwando gida-gida tana bara don ciyar da tsofaffi. A 1843 'yan uwanta suka sake zaɓen ta shugaba, sai wani fada, wato limamin coci, mai suna Le Pailleur ya soke zaɓen, ya ɗora wata yarinya 'yar shekara 23, daga baya ma ya ce shi ya kafa ƙungiyar. A 1852 ya kira ta babban gida, ya hana ta fita bara. Shekara 27 ta yi a cikin 'yan koyo, ba muƙami, har ta rasu a 1879, sistocin ƙungiyar sun haura dubu biyu, yawancin yaran da ke kewaye da ita ba su san ita ce tushe ba. Sai a 1890 Roma ta tsige fadan.

Na ce, "Mama, mu ma abin da muka yi miki ke nan?" Ta yi tsaki ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Ita sace mata aka yi. Ni ƙuri'a kuka jefa." Ta ɗan yi shiru, ta ƙara da cewa, "Amma zafin ɗaya ne."

Na yi shekaru ina juya wannan magana, kuma da aka tura ni karatu na tarar labarin ya fi a ƙirga. Mary MacKillop ta Ostireliya bishop ne ya kore ta daga tarayyar Ikilisiya a 1871, yau waliyya ce. Waliyyi Faransis na Assisi da ransa ya sauka daga shugabanci a 1220, yana kallo 'yan uwansa suka fara gina manyan gidajen da bai taɓa so ba. A ganina wanda ya fi kowa samun sauƙi shi ne Bishop de Brésillac, wanda ya kafa ƙungiyar fadan mishan na Afirka, SMA, a Lyon a 1856. Mako shida da saukarsa Freetown a 1859 shawara ta kashe shi. Fadan ƙungiyarsa da suka iso Shendam a 1907 suka buɗe mishan, ba wanda ya taɓa jin ya ce musu "ba haka muka fara ba". Mamaci ba ya gardama, kowa sai ya fassara shi yadda ya ga dama. Akwai kuma inda rabuwar ta zama dole, don ɓarnar daga tushe take. Ƙungiyar da Marcial Maciel ya kafa a Meziko a 1941, da asirinsa na lalata da yara ya tonu, a 2010 sai da suka sauke hotunansa daga bangon gidajensu.

Mu namu hoton ɗora shi muka yi. Yana nan a falon baƙi, an sa masa gilashi, an goge mata tabon goro a haƙori. An buɗe makarantar birni, kuma ba zan yi ƙarya ba, ita ta riƙe ɗakin maganin ƙauye shekara da shekaru, ita ta biya karatun sistoci da dama har jami'a. Da mun bi ta Mama da tuni yunwa ta watsa mu. Amma ajin yaƙi da jahilci na matan aure, wanda take yi a gindin tsamiya ranar kasuwa, ya mutu a shekarar farko, ba wanda ya yi masa kuka. Addu'a ta koma Turanci. 'Yan koyo na yanzu suna haddace ranar haihuwarta don jarrabawa. Kwanaki wata ta tambaye ni ko gaskiya ne Mama ba ta taɓa ɗaga murya ba. Na ce mata ta je ta duba girki.

Ba a yi shekara ba ƙungiyarsu ta Ailan ta kira ta gida, aron ya ƙare. Wasu sun ce sabuwar shugaba ce ta nemi hakan, don ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tsofaffin sistoci sun ci gaba da zagayawa bayan madafa neman izini. Ni aka sa na raka ta filin jirgin Kano. Kayanta akwati ɗaya ne, sai ƙullin daddawa da kuka da ta cusa cikin safa. A hanya ba ta yi maganar zaɓe ba, sai lissafin matan da cikinsu ya tsufa a ƙauyuka take yi mini, gida-gida, da wadda mijinta ba zai bari a kai ta asibiti ba sai an bi ta wajen uwarsa. A bakin ƙofar shiga ta miƙo mini gwangwanin biskit ɗin nan. Ba kuɗi a ciki, sai makullin babur.

Na koma gida da dare, na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofata. Sabuwar shugaba ta naɗa ni ma'ajin makarantar birni, in tattara kayana kafin Litinin. Yadda na kwashe da iyayen yara a kan kuɗin zango, da ranar da na kori ɗan ƙanwata daga aji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.