Kyauta a takarda, kuɗi a farmasi

Wanda duk ya yi aiki a wata CSI (ƙaramar cibiyar lafiya ta gwamnati) ta Damagaram, darasin farko da zai ɗauka shi ne ba kuɗin ganin likita ke karya maigida ba. Ordinas, wato takardar sayen magani, ce ke karya shi, sai awon jini, sai man motar da za ta kai mara lafiya babban asibitin Zinder cikin dare.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, haka awon ciki, bayan ta riga ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa. Ga yadda abin ke tafiya: majo, wato babban malamin jinya na CSI, ya duba yaro, a ba shi magani daga ajiyar CSI ba ko dala, ƙarshen wata a haɗa takardun a aika gunduma, daga can su wuce Yamai, gwamnati ta mayar da kuɗin, a sayo sabon magani. Matakin ƙarshen nan ne ke cijewa. In biyan ya yi wata da watanni bai zo ba, asusun da kwamitin kula da CSI ke juyawa sai ya ƙafe, kanta ta zama wayam. Uwa ta zo da ɗa jiki rau, a duba shi kyauta, amma a miƙa mata takarda ta je farmasi. Ta fita tana cewa an ci amana, alhali majo ba shi da abin da zai ba ta. Wannan yana da ciwo, domin dokar kanta alheri ce, ta kawo yara da yawa likita waɗanda da a gida za a yi ta jiƙa musu saiwa.

Daga 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin aikin likita a asibitocin gwamnati, haihuwa ta koma kyauta, aka soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa. Sauƙi ne na gaske. Sai dai rabin da aka yafe ma sai an mayar wa asibiti shi kan kari, in ba haka ba ramin nan dai za a sake faɗawa.

Inshorar kamfani kuwa ta ƴan kaɗan ce: ma'aikatan banki, na ƙungiyoyin agaji, na manyan kamfanoni. Manomi a Mirriya ko mai tireda a kasuwar Dole ba ya cikinta. Mai ita ma ya karanta yarjejeniyar da kyau. In an rubuta kamfani zai biya kashi 80 cikin ɗari, to lissafin jika 50 zai cire jika 10 daga aljihunsa nan take. Ya duba iyakar kuɗin da za a biya masa a shekara, da watannin jira kafin a fara ɗaukar haihuwa, da abin da aka ware, galibi tabarau, haƙori da cutar da ya shigo da ita. Ya tambayi sunayen farmasi da kilinik ɗin da ke karɓar katin a cikin Zinder, don kati mai daraja a Yamai yana iya zama takardar banza a nan. Kuma in kamfanin ya yi wa farmasi jinkirin biya, ita ma rufe bashi take. Mutane da yawa suna zaton CNSS, asusun ma'aikata na ƙasa, na biyan kuɗin jinya; nata aikin fansho ne, da kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki.

Mara inshora yana da abin yi. Ya fara da CSI, ya karɓi takardar turawa kafin ya nufi babban asibiti. Ya roƙi a rubuta masa jenerik, wato magani mara sunan kamfani, sinadarin ɗaya ne da na mai suna, farashin ya fi sauƙi nesa. Ya karɓi rasit kan ko nawa ya biya. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, kada a bar yaro ɗan wata 3 zuwa 59 ya tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida. Kwana uku ake sha kowane wata, kuma na rana ta biyu da ta uku, da ake bar wa uwa a hannu, su aka fi mantawa.