Abin da harshena ya gano a kwalaben ruwan inabi masu araha

Duk wanda ya saba halartar walimar biki ko liyafar dare a Kano, Kaduna ko Abuja ya san dogayen kwalaben nan masu wuya naɗe da takarda ruwan zinare, waɗanda ake jerawa a tsakiyar tebur, a ɓalle murfinsu da ƙara, kumfa ta zubo. Eva, Chamdor, Pure Heaven, Veleta da ire-irensu sun daɗe da shiga jerin kayan biki, amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi ko abin da ke cikin kwalbar yana da daɗi ba. Da ido ake sayensu, sai kuma aljihu: wadda ta fi ƙyalli, ko wadda kuɗin katan ɗinta ya zo daidai da abin da aka ware. Da aka ɗora mini nauyin sayen abin sha na bikin ƙanwata, sai na ga ya dace a bai wa harshe nasa haƙƙin, don haka na aro hanyar da masu sana'ar ɗanɗana giyar inabi suke bi a Turai, na gwada ta a kan kwalabe masu araha waɗanda babu barasa a cikinsu. Ni ɗan koyo ne a wannan fanni, kuma abin da zan faɗa bai wuce abin da harshen ɗan koyo ya iya rarrabewa ba.

Kafin a kai ga buɗe kwalba, akwai karatun da ya wajaba a yi a bayanta, domin abubuwa biyu ne mabambanta ake jerawa wuri ɗaya a kanti. Na farko ruwan inabi ne zalla, ko wanda aka sirka da ruwa da sukari, wanda ba a taɓa barinsa ya tsimu ba: an matse shi, an ɗumama shi don kashe ƙwayoyin yis da ke mayar da sukari barasa, sannan aka cusa masa gas aka rufe. Wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, shi ne ya fito da dabarar ɗumama ruwan inabin a 1869 a garin Vineland na jihar New Jersey, inda ya bi hanyar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha domin cocinsu ta samu ruwan inabin ibada wanda ba ya sa maye. Mafi yawan kwalaben da ake gani a bukukuwanmu wannan nau'in ne. Na biyu kuwa giya ce ta ainihi wadda aka bari ta tsimu har ƙarshe, daga baya aka cire mata barasar. Barasa tana tafasa ne a digiri 78 na ma'aunin Selsiyas, amma idan aka zuƙe iskar cikin tukunya sai ta tashi tun a wajen digiri 30, ba tare da an dafe ƙamshin inabin ba, kuma wani Bajamushe mai suna Carl Jung daga yankin Rheingau ya yi wa wannan hanya rajista tun 1908. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a ce an cire wa giya barasa matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, ke nan ana iya samun ɗan ragowa a ciki.

Ga Musulmi wannan bambanci ya wuce batun ɗanɗano. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya yanke hukunci a 2011 cewa abin shan da aka yi da niyya da kuma hanyar yin giya haramun ne ko da an tace barasarsa daga baya, alhali akwai hukumomin ba da shaidar halal a wasu ƙasashe da suke amincewa da shi idan gwaji ya nuna babu ko ɗigo. Ni dai na ajiye nau'i na biyu gefe, na tsaya ga na farko, wanda dama shi ne mai arahar.

Abu na farko da na aro daga masu sana'ar shi ne ɓoye kwalba. Na sa ƙanena ya ɓare takardar zinaren da ke wuyan kowace ɗaya, ya naɗe ta da tsohuwar jarida tun daga gindi har baki, ya ɗaure da robar ɗaure kuɗi, sannan ya rubuta lamba a jiki, takardar da ke nuna wace lamba ce wace kwalba kuma ta zauna a aljihunsa. Wannan ba tsirfa ba ce, domin an daɗe da tabbatar da cewa ido da farashi suna riga harshe yanke hukunci. A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bodo ta Faransa, Frédéric Brochet, ya rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano ya miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya, suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 kuma masu bincike a jihar Kalifoniya sun bai wa mutane giya iri ɗaya sau biyu, aka ce musu ɗaya ta dala 10 ce ɗaya ta dala 90, mutanen suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna da gaske sun fi jin daɗinta. Idan hakan ta faru da waɗanda suka yi karatun abin, ban ga dalilin da zai sa in amince wa kaina ina kallon takardar zinare ba.

Muka zauna da yayata da goggonmu, kowa da kofunan gilashi iri ɗaya, da ruwan sha da yankakken burodi don wanke baki tsakanin kwalba da kwalba. Ana fara aikin ne da ido. A zuba kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku na kofi, a karkata shi a kan farar takarda a kalli gefen ruwan. Ja mai kyau yana da duhu a tsakiya, yana yin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi a gefe, launin da ke fitowa daga ɓawon inabi, daga sinadaran da su ne kuma suke bai wa zoɓo launinsa. Wata kwalba a cikin namu jan nata bai ɗaya ne tun daga tsakiya har gefe, mai ƙyalli fiye da kima, kuma da aka kwance jaridar daga baya muka tarar an rubuta launin abinci cikin kayan haɗinta. Kumfa ma tana magana: wata ta taso da ƙarfi, manya-manyan ƙwayoyi suka manne a jikin kofi, kafin mu gama shanshana ta mutu murus, wata kuwa ta ci gaba da aiko da ƙananan ƙwayoyi daga ƙasan kofi a jere har muka gama da ita.

Hanci ya fi ba ni wahala, ba don ba na jin ƙamshin ba, sai don rasa sunan da zan ba shi. Abin da ya taimake ni shi ne daina neman kalmomin da Turawa ke amfani da su, na 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani ba, in koma ga abin da hancina ya sani. Wata farar tana ƙamshin gwaiba da ɗan fure, wanda alama ce ta inabin Muscat. Wata jar tana ƙamshin alewar yara ko cingam, ƙamshin da asalinsa na inabin Concord ne na Amurka, amma masu haɗa abin sha suna iya ƙara shi da sinadari. Wata kuma da aka buɗe ta sai da ta ɗan yi warin ashanar da aka ƙyasta, wanda ke zuwa daga sinadarin sulfa da ake sawa don kada abin ya lalace, ya kuma gushe bayan an ɗan juya kofin. Wanda yake shakkar muhimmancin hanci, ya toshe shi ya kurɓa ya gani: zaƙi da tsami da bauri ne za su rage, mafi yawan sauran abin da muke kira ɗanɗano ta bayan maƙogwaro yake hawa zuwa hanci.

A harshe ne na gano abin da ya fi komai amfani. Ana kurɓa a riƙe a baki na ɗan lokaci, a zagaya da shi har dasashi, sannan a yi wa kai tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Yaya zaƙinsa? Yaya tsaminsa, wato yawu yana tsinkewa a gefen harshe bayan an haɗiye ko kuwa? Akwai bauri, wannan bushewar da ake ji a dasashi, wadda ke zuwa daga sinadarin tanin na ɓawo da ƙwallon inabi, shi ne kuma wanda ke cikin goro da shayin da ya daɗe a wuta? Yana da kauri a baki ko tsinkakke ne? Bayan an haɗiye, me ya rage, ƙamshin inabi ko dai danƙon sukari a harshe? Da na riƙa raba tambayoyin haka, sai ta bayyana cewa duk kwalaben suna da zaƙi, babu wadda ta gaza a nan, kuma abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne ko akwai isasshen tsamin da zai riƙe zaƙin. Inda tsami ya yi daidai, kurɓa ɗaya tana kiran ta biyu. Inda babu shi, kurɓar farko tana da daɗi, ta biyu ta yi nauyi, ta uku ta ginshi mutum ya ture kofin. Shi ya sa bai kamata a yanke hukunci a kurɓar farko ba, domin a nan mafi zaƙi ce kullum take cinyewa.

Kwalbar da ta fi tsada a cikin namu, wadda kuɗinta ya kusa ninka na mafi araha sau uku, ba ta zo ta ɗaya a wurin ko ɗayanmu ba. Kauri gare ta, launinta kyakkyawa, amma tsaminta ya yi ƙaranci, kuma goggo da ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Ɗan nan, wannan ai zoɓo ne aka naɗa wa rawani." Da ƙanena ya fito da takardarsa ya faɗi kuɗinta, sai ta ce a ƙara zuba mata ta sake ji, a wannan karon kuma ta ce ba laifi. Wadda ni da yayata muka fifita fara ce mai matsakaicin farashi, mai ɗan cizo a harshe, wadda inabi ne abu na farko a jerin kayan haɗinta. Wannan jerin yana da ƙa'ida da ya kamata kowane mai saye ya sani: ana rubuta kayan ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, don haka idan ruwa da sukari ne a gaba, inabi ya zo na uku ko na huɗu, to lemon kwalba ne aka sayar maka a doguwar kwalba. Ban ce mafi araha ce ta fi kyau ba, don ita ce ta zo ta ƙarshe a wurina, salam take in ban da sukari. Farar na saya da yawa, na haɗa da 'yan katan na wata ja mai zaƙi saboda yara da irin su goggo.

Batun sukarin ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan inabi zalla yakan ƙunshi sukari wajen giram 15 a kowace mililita 100, fiye da Coca-Cola mai kusan giram 11. Kwalba mai mililita 750 ke nan tana iya ɗauke da sama da giram 110, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada irin wannan sukari, har da na ruwan 'ya'yan itace, ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato kimanin giram 50 a rana ga baligi. Na sha ganin dattawa masu ciwon sukari suna ƙin lemon kwalba a wurin biki su karɓi wannan, a zatonsu ya fi lafiya. Sanyi kuma yana ɓoye zaƙi, shi ya sa kwalbar da ta fito daga ƙanƙara take tafiya ba tare da an ji nauyinta ba, ita ɗin dai idan ta yi awa biyu a kan tebur ta huce sai ta gagari sha. Masu sana'ar sukan ba da mai kumfa a tsakanin digiri 6 zuwa 8. Da abinci ma tsamin ne yake aiki: farar nan ta tafi daidai da soyayyar kaza da dafa-duka mai maiƙo don tana wanke baki, jar mai zaƙi kuwa ta fi dacewa da tsire mai yaji, amma haɗa ta da kek wahalar da baki ne.

Gwajin da ya fi ba ni mamaki na ƙarshe ne. Cikin kwalaben akwai biyu iri ɗaya, na kamfani ɗaya, duka da lambar NAFDAC, duka wa'adinsu bai ƙare ba, ɗaya daga kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya daga mai tebur a bakin titi inda rana take dukan kaya tun safe. Babu wanda ya gane iri ɗaya ne a cikinmu. Ta bakin titin launinta ya karkata zuwa ruwan ƙasa, ƙamshin inabin ya koma na dafaffen sukari, gas ɗin ma ya ragu, har yayata ta ba ta maki ƙasa da na mafi araha. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta fi wadda ke tsakanin kamfani da kamfani, don haka kafin in biya kuɗin katan sai da na ce wa mai kantin, "Alhaji, a nuna mini inda ake ajiye su," ya kai ni sito na baya, na taɓa kwalayen na ji babu zafi, na kuma sa aka buɗe kwalba ɗaya daga katan na tsakiya muka kurɓa tare.