Na je Jamus neman irin kyamarar Baba

Shekaranjiya na sauka Kano. Akwatin tufafi na nan ban ko buɗe ba, amma kyamarori huɗun da na zo da su tuni na jera su a kan tebur, ina ɗauka ina shinshinar jakunkunansu na fata. Kwana goma na yi a Jamus. Na je ganin ƙanena da ke karatu a Giessen, na kuma je neman Voigtländer Vito B, irin wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya riƙa ɗaukar mu hoton sallah da ita muna yara. Tasa ta bi tarkacen da aka ba 'yan gwangwan lokacin gyaran gida, don kowa ya ce ta mutu.

Masu tagar leƙe kawai nake tarawa. Wata 'yar taga ce a sama take nuna maka iyakar abin da zai shiga hoto, nisa kuwa da ido za ka kintata, mita biyu ne ko biyar, ka murɗa zoben gilashi zuwa lambar. Babu batir, babu mai yi maka tunani.

Asabar ta farko muka yi sammako zuwa kasuwar gwanjo ta bakin kogin Main a Frankfurt. Kowa ya baza kayan gidansu: kwanuka, agogon bango, tsofaffin faya-fayai. A teburin wata dattijuwa na hango Agfa Silette. Na buɗe bayanta, na ɗaga ta sama na duba gilashin ko da fumfuna, fes yake. Na murɗa zoben nisa, domin tsohon man da Agfa ke sawa yakan daskare ya riƙe zoben gam. Wannan ya juya sumul. Matar ta ce Yuro 15. Na taya 7, yadda zan yi a Kurmi. Ba ta ce albarka ba, ba ta ce in ƙara ba. Karɓe kayanta ta yi daga hannuna ta mayar tebur, ta juya ga wani. Ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, nan ba a raba kuɗi biyu. In an ce sha biyar, sai ka ce sha biyu." Muka zaga muka dawo na ba ta haƙuri, ta sallama a 13. Arha kam an yi, don tun 1953 Agfa ta fara ƙera Silette a Munich kuma ta zuba su da yawa. Sai dai na yi kewar cinikinmu, inda ake jan magana, a tambayi iyali, ka yi kamar za ka tafi a kira ka. A can ciniki minti ɗaya ne, ba gaisuwa ba hira.

Daga Giessen zuwa Wetzlar kamar kwata ne a jirgin ƙasa. Na tsaya a dandalin Eisenmarkt, inda Oskar Barnack, wanda ya ƙirƙiro kyamarar Leica, ya ɗauki sanannen hotonsa da ƙaramar kyamarar gwajin da ya haɗa wajen 1914, kuma gidan katakon da ke cikin hoton na nan tsaye. Jikina ya yi sanyi. Leica ta farko da ta shiga kasuwa a 1925 ma tagar leƙe kawai gare ta, ke nan kakar duk waɗanda nake tarawa ce. A Leitz Park, hedkwatar kamfanin Leica, na ga tsofaffinsu a cikin gilashi. A garin nan ne a 2022 aka yi gwanjon guda ɗaya daga cikin na gwajin farko a kan Yuro miliyan 14.4. Na kalla, na yaba, amma zuciyata na wajen kyamarorin malaman makaranta da akawu, waɗanda aka ɗauki bikin suna da su.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Bayan gida a tashar jirgi sai da na saka Yuro guda. Ka nemi ruwa a kawo maka mai gas. Ranar Lahadi kantuna a rufe ruf, da ba don ƙanena ya yi cefane tun Asabar ba da mun sha wuya. Kuma ka shiga tarago ka zauna kusa da mutum awa uku, ko sannu.

Braunschweig ce ta wanke min wannan duka. Nan ne tsohon gidan Voigtländer, kamfanin da ya faro a Vienna tun 1756, nan ne kuma tsohon gidan Rollei, wani kamfanin kyamarar. Ƙanena ya ga tallar wani dattijo a intanet, aka yi alkawarin ƙarfe uku. Mun makara da minti goma, muka iske shi a bakin taga yana dubanmu. Ya haura tamanin, gyaran kyamara ya yi har ya ajiye aiki. Kafin a yi maganar kaya matarsa ta kawo kofi da kek ɗin da ta gasa, ta fara da gaya wa ƙanena cewa babu giya babu kitsen alade a ciki. Ba mu tambaya ba, ita ta yi tunaninmu.

Ya sauka da mu ɗakin ƙasa, ya miƙo min Vito B. Ƙarama ce amma da nauyi, ƙarfen da sanyi a tafin hannu, mai 'yar ƙaramar taga irin ta farko da aka fara a 1954, ba mai babbar tagar da aka yi daga baya ba. A gilashin an rubuta Color-Skopar. Sak ta Baba. Na ja hannun fim, na danna, shiru. Na sake, shiru. Na ce wa ƙanena ya gaya masa wannan ma ta mutu. Dattijon ya yi murmushi, ya buɗe 'yar ƙofar ƙasanta, sannan bayanta, ya nuna min wata ƙaramar taya mai haƙora. Ya gungura ta da babban yatsa, ya ce in danna. Ƙyas! Ashe ita Vito B fim ne ke juya tayar nan ya ɗana ta. In babu fim a ciki ba za ta taɓa bugawa ba.

Zama na yi a kan kujerarsa. Bayan rasuwar Baba ni ne na gwada tasa, wayam ba fim, ni ne na fara cewa ta mutu. Na gaya wa ƙanena da Hausa, ya kasa fassarawa. Dattijon bai matsa ba. Ya saita bugunta a daƙiƙa ɗaya, ya kara min a kunne in ji yadda haƙoran ciki ke zuuu kafin su rufe, ya ce da kansa ya wanke su. Yuro 30 ya karɓa, ya ƙara min gyaran gilashin ruwan ɗorawa da hular kare rana. Da la'asar ta yi matarsa ta shimfiɗa mana tawul mai tsabta a falo, suka fita suka ba mu wuri. Ya nuna min Rollei 35, wadda Heinz Waaske ya tsara aka fito da ita a 1966, ta Jamus ce tun kafin a mayar da ƙirarta Singafo. Kuɗinta ya fi ƙarfina, na shafa na mayar.

Dresden kwana biyu. Na shiga gidan adana kayan fasaha da ke tsohuwar masana'antar Ernemann, ɗaya daga kamfanoni huɗun da suka haɗu suka zama Zeiss Ikon a 1926. A kasuwar bakin kogin Elbe na samu Werra koriya ta Jamus ta Gabas, wadda zoben gilashinta ake murɗawa a ja fim, da kuma Kodak Retinette ƙirar Stuttgart. Wannan karon na iya taya.

A filin jirgin da muka yada zango na roƙi wani jami'i ya duba fim ɗina da hannu, don na'urar haska kaya na iya ƙona shi. Ko kallona bai yi ba, ya fizgi ledar ya jefa cikin na'ura, ya yi min alama da yatsa in wuce. Hoton dattijon da matarsa na ciki. Na ba wani abokina mai wanke fim, ina jira gabana na faɗuwa.

Jiya na sayo akwatin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu. Kafin in rufe su na kai wa Umma Vito B ɗin. Ta juya ta a hannu, ta daɗe, ta ce, "Irin ta Malam ce." Ta ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci in ɗauke ta a bakin zaure, inda yake tsayar da mu.