Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Ba Mu Kai Bakin Ruwa Ba

Makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke mu a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a 1992, shekara biyu bayan rukunin farko na dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sauka Laberiya a watan Agustan 1990. Mutane da yawa sun tambaye ni abin da ya haɗa ni da kofur ɗin nan da na ce mun yi wata huɗu ba ma ga maciji. To ga shi yau.

Ranar 15 ga Oktoba 1992 mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa birnin ta kowace kusurwa. Mu aka girke mu a tsibirin Bushrod, muna fuskantar rafin Stockton, ƙetarensa kuma Caldwell ce, inda 'yan tawaye suka yi kaka-gida. Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane ba. Ni ɗan Daura ne, na saba da rairayi, in ka tsaya kana hango mutum tun daga nesa. Can kuwa itatuwa ne suka tsiro cikin ruwa, saiwoyinsu a waje kamar ƙafar kaza, laka har gwiwa, ga sauro, ga ruwan sama da ba ya gajiya.

Wani dare laftanan ɗinmu ya tura mu sintiri, mu shida, kofur ne shugaba. Aikin ba shi da yawa a baki: mu je wata tsohuwar mashigar masunta, mu duba ko akwai kwale-kwale a ɗaure, mu ƙirga, mu dawo kafin asuba. Mun ci kamar rabin tafiya sai muka ji tari, sannan dariya, irin ta yara. A Laberiya dariyar yaro da dare ta fi rurin zaki ban tsoro, domin yaran Taylor, wasu ba su wuce sha biyu ba, su ne ba sa tunani kafin su ja kunama. Kofur ya yi alama da hannu, muka kwanta cikin laka. Mun fi awa biyu a haka.

Da ya ga dare ya raba, sai ya matso da mu ya ce a hankali, "Ku saurara. Mun je, mun duba, ba kwale-kwale ko ɗaya. Bakinmu ɗaya."

Na gyaɗa kai. Ban ɓoye muku ba, duk cikinmu ba wanda ya kai ni murna. Kuma kada wani ya ɗauka kofur matsoraci ne. Mutumin da na gani da idona ya goya wanda aka harba ya yi gudu da shi harsashi na zuba. Tun 1990 yake ƙasar, ga wasiƙa a aljihunsa cewa matarsa ta haihu, bai ga ɗan ba. Gajiya ce ta cim masa a daren.

Muka dawo. Laftanan yana tsugune, ya lulluɓa da bargo don kada hasken tocila ya fita, taswira a gabansa. Mutumin Langtang ne, amma Hausa a bakinsa kamar Bakano. Kofur ya ƙame ya ba da rahoto yadda muka shirya. Laftanan ya ɗauki fensir ya ce, tunda gefen ruwa lafiya lau ne, a ɗauke babbar bindigar da ke can a mayar da ita bakin titi kafin gari ya waye.

Nan cikina ya ɗuri ruwa. A ramin gefen ruwan akwai yaranmu sojoji biyu, ɗaya ɗan Zuru ne, tare muka yi kurtu a Defot na Zariya, kwano ɗaya muka sha gari. In aka ɗauke bindigar, su biyu za a bari da ƙananan bindigoginsu, suna gadin wurin da ba wanda ya je ya gani. Sai a lokacin na gane abin da wani saje mai koyar da mu a Zariya yake yi mana tsawa a kai kullum: abin da ka gani daban, abin da ka ji daban, abin da kake zato daban, kada ka zuba wa hafsa su a kwano ɗaya. Muna kurtu mun ɗauka masifarsa ce kawai.

Ban san me laftanan ya gani a fuskata ba. Ya haska ni ya ce, "Farabiti, kai ma ka ga bakin ruwan da idonka?"

Kofur na gefena, ina jin numfashinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu kai ba."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan tanti.

Bari in faɗi wani abu da farar hula ba su cika ganewa ba. A soja rufa wa juna asiri abu ne mai daraja. Ni kaina an rufa mini sau da yawa: na makara fareti an amsa sunana, na yi gyangyaɗi a gadi abokina ya zungure ni bai kai ƙara ba. Don haka da sauran huɗun suka daina cin abinci da ni, suna kirana ɗan gulma, ban ga laifinsu sosai ba. Na karya musu abin da ni ma na ci moriyarsa. Daga baya kofur ya rasa igiya ɗaya, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. Amma makara a fareti kanka kaɗai take ci. Wannan kuwa fensir na gani yana tafiya a kan taswira.

Laftanan bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya goge layin da ya ja, ya ce bindiga ta zauna inda take. Ya duba agogo, saura awa biyu da rabi asuba. Ya ce, "Ku koma. Farabiti, tunda kai ka san inda kuka tsaya, kai ne gaba."

Ƙafafuna suka yi sanyi. Na saɓa bindiga na nufi laka, sai na ji an fizgo ni ta baya. Kofur ne. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Matsa can. Yaushe aka haife ka da za ka shige gabana?" Ya wuce, muka bi shi.

Abin da muka tarar a mashigar masuntan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.