Kuɗin albasar da na liƙa wa makaɗi

Ran Laraba da daddare ɗan ƙanwata ya shigo gidana a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ko zama bai yi ba, wai ko na san wani a banki da zai samo masa sababbin kuɗi, 'yan ɗari biyu-biyu, bandir biyu. Yaron nan POS yake yi a bakin kasuwa, kuma na san jarin da ke cikin jakar da ya rataya na maigidansa ne.

Na ce, "Mi za ka yi da sabbin kuɗɗi?"

Ya ce, "Kawu, hutun ga ya haɗe da Assabar da Lahadi. Akwai wasan gargajiya da za a yi bayan gari, makaɗa za su zo har daga Kabi da Zamfara. Dare guda za ni yi in komo."

Ni ma dare guda na ce zan yi.

Ƙaramar Sallar 1998 a ƙarshen Janairu ta faɗo, hunturu yana tsakiyarsa. Shekarata ashirin da uku, ina yaron kawuna, yayan mahaifiyata, mai fataucin albasa zuwa kudu. Bayan an sauko daga idi mun kalli hawan Sarkin Musulmi Maccido, sai Kawu ya kira ni zaure ya ƙirga mini naira dubu ashirin da biyu. Yawancinsu 'yan hamsin-hamsin ne, don a lokacin babu takardar da ta fi hamsin, naira ɗari sai ƙarshen 1999 ta fito. Ya ce in kai wa wasu manoma uku a fadamar Wurno kafin alƙalami, kada wasu 'yan kasuwa su riga mu. Na ɗaure kuɗin a leda, na tura cikin aljihun 'yar shara, na ɗora sabuwar babbar rigata ta Sallah a kai.

Zamanin Abacha ne, ana wahalar mai. Motar da na shiga ta wuce Achida kaɗan ta tsaya, direba ya ɗauki jarka ya ce yana zuwa. Na sha gaya wa mutane cewa da man nan bai ƙare ba, da ba abin da ya faru. Yau zan faɗi sauran: motoci biyu sun wuce mu kafin magariba, akwai wuri a cikinsu. Ni ne ban tsayar da su ba, saboda tun ina bakin titi nake jin kalangu daga ƙauyen da ke gefe.

Kalankuwa suke yi. Bikin kaka ne na samari, amma a shekarar azumi ya sa suka ɗage shi zuwa hutun Sallah. Sun naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, wanda ya taka doka a ci shi tara a zuba a asusun biki. Da la'asar dambe da kokawa, da daddare gangar noma da goge da rawar 'yan mata har asuba. Duk wannan na taɓa gani. Abin da ban taɓa gani ba shi ne tsohon da ke ƙofar gidan hakimi da kotsonsa da 'yan amshinsa huɗu.

Ƙasarmu ce gidan wannan kiɗa. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, duk a kaset da Rediyon Rima muka san su. Ban taɓa tsayawa taku biyar daga kotso ba sai ranar. Baki ɗaya gare shi, ba kamar kalangu mai baki biyu ba, kuma da yatsu ake kaɗa shi. Tsohon ya rataya shi a kafaɗa, hannu ɗaya yana bugu, ɗayan yana matsa tsarkiya yana saki, sai ka ji gangar tana hawa tana sauka kamar mai magana. Sanyi ya tsattsage masa yatsu, ya naɗe babban da tsumma. Idan ya ja baiti ya ajiye, 'yan amshi su ɗauka tare kamar bakinsu ɗaya. Na ji abin a ƙirjina tun kafin in fahimci kalmomin.

Ana cikin haka sanƙira ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa, ya juyo wajena ya ambaci sunana. Ya ambaci sunan mahaifina, wanda ya rasu ina ɗan shekara tara. Ya ce ga ɗan mai jar fata, wanda fatarsa ta ƙetare hamada ta kwana a kasuwar Larabawa. Fatar jar akuyar Sakkwato kam ta ƙetare hamada tun zamanin raƙuma, har Turawa suna kiran ta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Amma mahaifina keke gare shi, ƙauye-ƙauye yake bi yana sayen fata ɗai-ɗai, bai taɓa wuce Illela ba. Na san haka sarai. Duk da haka idona ya cika da hawaye, hannuna ya tafi aljihun 'yar shara.

Sai bayan shekaru na gane inda ya samo labarin. Mai shayi ne. Kofi biyu na sha a teburinsa da magariba, na zazzage masa tarihin gidanmu kaf, har da abin da ya kawo ni Wurno.

Naira ɗari biyar na fara mannawa tsohon a goshi, yaronsa yana tsincewa yana zubawa a ƙwarya. Sanƙira ya yi shela cewa dubu na bayar. Wa zai tashi a gaban jama'a ya ce ƙarya ne, ɗari biyar ce? Sai na cika. Ashe akwai wani saurayi mai safarar fetur zuwa Ƙonni, shi ke riƙe da filin kafin in zo. Ya tashi ya zuba dubu biyu. Aka koma kansa, aka soma habaici game da baƙon da ya zo da babbar riga aljihu ba nauyi. Ba a ambaci suna ba, amma 'yan mata sun juyo suna dubana. Wanda bai taɓa tsayuwa a wannan matsayi ba, kada ya yi saurin cewa shi da ya yi tafiyarsa.

Daren farko dubu biyar. Da safe na ce zan wuce Wurno in ba manoma biyu nasu, na ukun in ba shi haƙuri. Gwamnan kalankuwa ya aiko mini da fura da balangu, wai an ba ni kujera a rumfar manya. Na zauna. Ba zan bi dare na biyu da na uku dalla-dalla ba, ni kaina ba na son tunawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da na tuɓe babbar rigar na yafa wa tsohon, na bi da hula da agogo, guɗa ta tashi, ni kuma ina tsaye da 'yar shara cikin sanyin Janairu ina jin kamar ni ne Sardauna. Ran Litinin da hantsi makaɗa suka ɗaure kayansu a bayan akori-kura. Sanƙiran ya wuce ta gabana, ko kallo ban ishe shi ba. Naira ɗari uku da arba'in suka rage a ledar.

Kawu bai doke ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya saurare ni har na gama, ya ɓare goro, ya ce, "To madalla. Waƙar ga da anka yi maka, buhu nawa ta ka cikawa?" Daga nan bai sake ce mini komai a kai ba har ya bar duniya. Manoman sun sayar wa wani da albasarsu. Na yi wata goma sha huɗu ina lodi da rakiyar mota ba a ba ni ko sisi ba. Mahaifiyata, don kunyar yayanta, ta sayar da tumakinta biyu da tasoshin da take tara wa ƙanwata na aure, aka ɗaga bikin da shekara guda. Ƙanwar nan ita ce uwar yaron da ke tsaye a gabana yana neman bandir biyu.

Na yi nadama, Allah ya sani. Amma in na ce nadama ce zalla na yi ƙarya. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ambaci sunan mahaifina a bainar jama'a sai daren nan. Kuma kiɗan da na ji ba a kasuwa ake sayensa ba. Tsohon ya daɗe da rasuwa, irin taron ma ya ja baya tun wajejen 2000, yanzu kuwa rashin tsaro ya ƙarasa shi a ƙauyuka da yawa. Wani lokaci nakan ce dubu ashirin da biyu ba su yi tsada ba. Sai in tuna ba tumakina aka sayar ba.

Na yi niyyar jera wa yaron shawarwari kamar goma. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Aje jakkar ga." Kuɗin da ba naka ba kada su kwana a wurin kiɗa, ko da ka rantse ba za ka taɓa su ba. Ni ma na rantse. Ka ware abin da za ka iya ƙonawa ba tare da kowa ya yi kuka ba, shi kaɗai za ka ɗauka, kuɗin motar dawowa kuma ka ba abokin da ba ya rawa ya riƙe. Ku naku ma ya fi namu muni, don mu in leda ta ƙare an gama, ku kuwa maroƙi lambar asusu yake karantowa a lasifika, yatsa kawai za ka danna.

Na ce masa ma kada ya je gaba ɗaya. Hanya ba ta da kyau, wanda ya san abin da ke faruwa a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, ba ya kwana a fili don kiɗa. Kuma liƙi laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007, ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu hamsin ko duka biyun, an kuma kama mutane a kai a 'yan shekarun nan. Ku da ba ku iya tari ba sai kun ɗauka a waya kun watsa, da hannunku za ku miƙa shaida.

Ban rufe baki ba na ji ina cewa, amma in da masu kotso ko gurmi na gaske a wurin, ya je ya gan su tun suna raye. Kada kuma ya je hannu rabbana. Makaɗi da wannan yake ci da iyalinsa, wanda ya sha kiɗa dare uku ya sulale bai ba da ko kwabo ba, shi ma wani irin ɓarawo ne. Ya ninke abin da ya sawwaƙa ya sa wa tsohon a hannu, ba a goshi ba, ya koma ya zauna kafin sanƙira ya gan shi. In an tambaye shi ɗan wane ne, ya ce shi baƙo ne.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne ba ma kiɗan ke kai ku ba. Na tambayi yaron bambancin kotso da taushi, ya tsaya yana sosa ƙeya. Mu aƙalla waƙa ce ta cinye mu. Ku hoton kanku kuna watsa kuɗi kuke so, makaɗin yana can baya ko fuskarsa ba ta fito ba. Ko da yake, ni da na tuɓe riga don 'yan mata su yi guɗa, ban san bakin da zan yi wannan magana da shi ba.

Duk tsawon labarin nan idonsa yana kan waya. Da na kai wurin tasoshin uwarsa ne kawai ya ɗago, ya ce, "Inna ba ta taɓa gaya min ba." Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo ya ajiye jakar a ɗakina, ya hau kabu-kabu ya tafi tasha. Da daddare na buɗe na ƙirga, na duba littafin da yake rubuta cinikinsa. Babu dubu ashirin. Yau Lahadi, ban kira shi ba tukuna.