Makirfo Mai Tiyub a Garin Ƙura da Ɗaukewar Wuta

A situdiyon da na koyi aiki a Sabon Garin Zariya, sabon yaro yana iya taɓa mikisa da kwamfuta da fiyano, amma akwai makirfo guda ɗaya da ba a yarda ya kai wa hannu ba. A cikin akwati yake kwana, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da wata batta ta ƙarfe da ke ba shi wuta, da waya mai kauri wadda bakinta ke da allurai bakwai maimakon ukun da muka saba gani. Makirfo ne mai tiyub, wato a cikinsa akwai 'yar kwalbar gilashi irin ta rediyon zamanin kakanninmu, wadda sai ta yi zafi take aiki.

A bayan ragar da mawaƙi ke fuskanta akwai wata fata siririya, faɗinta kamar inci 1, kaurinta wajen mikiron 6, silin gashin kanka ya ninka ta kusan sau goma. An shafa mata ruwan zinariya don wuta ta bi ta kanta. Murya tana kaɗa fatar, kaɗawar ta zama 'yar wutar da ba ta da ƙarfin bin doguwar waya, sai tiyub ɗin ya ɗauke ta ya ƙarfafa ta. A makirfon kwandensa na yau da kullum, wato mai irin wannan fatar amma marar tiyub, taransista ce ke wannan aikin, kuma bolt 48 ɗin da saun kad, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ke turawa ya wadatar. Shi tiyub wuta iri biyu yake so: ƙarama, wajen bolt 6, mai ɗumama zaren cikinsa, da babba wadda ta kai bolt 100 ko ta zarce. Battar nan ce ke samar da su duka, don haka maɓallin 48 na saun kad ba shi da aiki a nan, a kashe nake barinsa.

Waɗanda suka ƙirƙiro abin nan ba su yi shi da Zariya a ransu ba. Georg Neumann ya fara sayar da irinsa a birnin Balin na Jamus a 1928. Makirfonsa U47 da har gobe ake kwaikwayonsa ya fito a ƙarshen shekarun 1940, kamfanin AKG na Austiriya ya fitar da C12 a 1953, sannan Neumann ya biyo da U67 a 1960, bayan an daina ƙera tiyub ɗin da U47 ya dogara da shi. Namu ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, kwaikwayo ne na zamani mai rangwamen kuɗi, amma halinsu ɗaya. Duk an yi su ne don ɗaki mai sanyi, marar ƙura, mai wutar da ba ta rawa. Cikin ukun nan babu wanda muke samu a banza.

Abin da maigidana ya fara dasa min shi ne tsarin kunnawa, kuma bai taɓa yarda a sauya shi ba. Ka ɗora makirfo a kan sandarsa ka ɗaure tamau. Ka haɗa waya mai allurai bakwai daga makirfo zuwa batta, ka tabbatar ta shiga ta kulle. Ka haɗa batta da saun kad, ka rage ƙara zuwa ƙasa. Wuta ita ce ta ƙarshe. In an tashi, wuta ce ta farko, sannan ka jira 'yan mintoci kafin ka zare waya, domin battar tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe ta. Wanda ya zare ko ya cusa waya alhali bolt 100 na kan allurai, yana wasa ne da kayan da kuɗinsu ya fi albashinsa.

Bayan kunnawa sai jira, minti 15 zuwa 30. Nan ne ake samun saɓani da masu waƙa, domin mutum ya biya kuɗin awa, yana ganin komai a kunne, kai kuma kana zaune. Na sha jin mawaƙiya ta leƙo ta ce, "Oga, har yanzu ba a shirya ba ne?" Maigida ya ce, "Hajiya, ki ɗan sha ruwa ki bi baitin farkon nan, makirfo ne ke ɗumi." Gaskiya yake faɗa mata. Idan aka ɗauki baitin farko tiyub bai gama zafi ba, aka ɗauki na ƙarshe bayan awa guda, wajen haɗawa za ka ji kamar a ɗaki biyu aka yi waƙar. Ni yanzu shi nake fara kunnawa tun kafin in share ɗaki.

Wuta ita ce babbar jarrabawa. A bayan battar akwai ɗan makunni mai lamba biyu, 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan hannu da yawa daga can suke zuwa, makunnin yana kan 115. Na san wani situdiyo a garin nan da aka kawo masa irin wannan, aka jona don ɗoki ba a duba baya ba, ko muryar gwaji ba a ɗauka ba taransifomar ciki ta ƙone. In an yi sa'a fis ne kawai ke tafiya.

Wannan sau ɗaya ake duba shi a wuce. Abin da ke tare da kai kullum shi ne a ɗauke a kawo. Duk ɗaukewa tiyub ya huce, duk kawowa sai a sake jiran ɗumi, kuma wannan zafi-sanyi, zafi-sanyi yana cin rayuwarsa. Ƙaramin janareta kuwa wutarsa hawa take tana sauka duk lokacin da wani ya jona dutsen guga. Situbilaiza mai arha tana taimako, amma duk sanda ta sauya mataki sai ta yi ƙas, kuma na sha tarar da wannan ƙas ɗin zaune daram a tsakiyar baiti mai kyau. Abin da ya raba mu da wannan wahala shi ne inbata mai fitar da wuta sumul irin ta layi, da batir, aka ware su don makirfo da saun kad da kwamfuta kawai. Inbata mai arha, wadda ke sa fanka kuka, ba ta yi, zuzu ɗinta har cikin waƙa yake shiga. Wanda ya sayi makirfo mai tiyub bai tanadi wannan ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

Akwai kuma gurnanin nan na ƙasa-ƙasa da ke bin wutar layi, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Mutane da yawa makirfo suke zargi, alhali ginin ne ba shi da wayar ƙasa, ko kuma wani ya karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Mun kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ja mana waya, muka jona batta da saun kad da kwamfuta a soket guda, muka raba wayar sauti da wayar wuta. Gurnanin ya tafi ba tare da an taɓa makirfon ba.

Hunturu da damina kowanne da nasa. Fatar nan tana ɗauke da cajin wuta, don haka tana jan ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ba ka gani tana sauka a kanta, ba ta nuna komai. Sai Agusta ta zo da laima, ko mawaƙi ya matso ya huro numfashi mai ɗumi, ƙurar ta jiƙe, ka fara jin tsartsatsi da ƙaf-ƙaf, wani lokaci sautin ya ɗauke ya dawo. Maganin ba wani abin a zo a gani ba ne: in an tafi sallah a rufe shi da leda mai tsabta bayan ya huce, in an tashi a mayar da shi akwati tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi. Hura shi da baki don gwaji, ko bubbuga shi da yatsa kamar yadda ake yi wa makirfon wurin biki, haramun ne a wurinmu.

Kunnensa kuma ba ya zaɓe. Fanka, janaretan maƙwabci, keke napep, 'yan ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi da ke shawagi a saman garin, duk yana kwashewa. Shi ya sa muke tsara ɗauka da agogon gari, mu tsaya in lokacin kiran sallah ya gabato, aikin da ke son shiru sosai kuma mu bar shi sai bayan isha'i. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, a ganina, ado ne kawai. Katifa mai kauri a bayan mawaƙi da barguna a kusurwa sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. A kan battar akwai maɓallin da ke zaɓar inda makirfo zai saurara. Gaba kawai shi ne na kullum. Gaba da baya yana da daɗi in jagora da mai amshi za su fuskanci juna. Na kowane ɓangare kuwa sai ɗakin da ka yarda da shi.

Muna rataye shi kai a ƙasa, domin zafi sama yake tashi, gara ya bar fatar a ƙasansa, kuma mawaƙi ya samu ganin takardarsa. Tsakaninsa da baki kamar taƙi guda, da ragar tare iska a tsakiya. In mutum ya matso muryarsa tana ƙara kauri, abin da samari ke so ke nan, amma in ya yi yawa kalmomi suna cushewa. Bakin Bahaushe yana da nasa sha'ani a nan. Ƙ da ts suna fita da ƙarfi kamar an harba su, f ɗinmu kuma da leɓe biyu ake yin ta, iska take turowa kai tsaye. Ina ɗan karkatar da makirfon, in ɗaga shi ya kai wajen hanci, iskar ta wuce ta ƙasa. Wajen ƙara kuma ina barin sarari, in mawaƙi ya kai ƙololuwa allurar ma'aunin ƙara ta tsaya wajen -10, domin mai waƙar yabo yakan fara a hankali, shauƙi na kama shi ya ɗaga murya ba sanarwa.

Ba kowane aiki ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Ɗumin sautin da ake yabon tiyub da shi gaskiya ne, amma ɗan kaɗan ne: yana ƙara wa murya wani ɗan kauri, yana tausasa kaifinta in ta yi sama. Ina jinsa sosai a muryar dattijo mai karatu, ko sha'iri da mandiri, ko mai gurmi da ke waƙa shi kaɗai. Amma waƙar da za a cika wa Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, a lafta mata kiɗan fiyano, a tura ta WhatsApp a saurara ta lasifikar waya, ban ga abin da tiyub ya ƙara mata ba. Mai siririyar murya mai kaifi ma wani lokaci makirfo mai arha ya fi karɓarsa. In mutum ya nace sai "wannan babban" saboda ya gan shi a bidiyo, nakan jera biyun in ɗauka tare, in kunna masa ba tare da na faɗa masa wanne ne wanne ba, ya zaɓa da kunnensa.

Tiyub yana tsufa. Alamarsa shuuu da ke ƙaruwa a hankali, ko wani ƙararrawa-ƙararrawa in an taɓa sanda. Kafin in zarge shi nakan sauya waya, in busar da makirfon kwana guda a akwati, domin laima ma tana kawo irin wannan. In ya tabbata shi ne, sai a nemo mai lamba iri ɗaya da na ciki, kuma ba a shagon kayan lantarki na unguwa ake samunsa ba, oda ake yi a jira. Saboda haka muna ajiye guda a gefe. Sauyawar kuma ta mai gyara ce wanda ya san kayan, a cire daga wuta, a ba shi lokaci ya sauke cajin da ya riƙe kafin a kwance ko noti ɗaya.